Haƙoran roba sun canza mini karatu: harshena ne ko ƙirarsu?

Malamin Islamiyya, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda ya san abin da gaske ya amsa mini, ko likitan haƙori ne, ko mai haɗa su, ko wanda yake sanye da su a bakinsa.

Asalina Kano ne, amma a Agege na yi yawancin rayuwata. Ina koyar da yara Alƙur'ani a wata Islamiyya da yamma, ina kuma jan salla a ƙaramin masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Shekaruna sun haura sittin. Ciwon suga da ciwon dasashi ne suka taru a kan haƙorana, wannan ya yi girgiɗi a cire, wancan ya bi bayansa, har aka zo kan 'yan ragowar da ba sa tsinana komai, su ma aka fitar. Da dasashin ya warke 'ya'yana suka haɗa kuɗi aka yi mini cikakkun haƙoran roba, sama da ƙasa, a wani asibitin kuɗi. Mutanen wurin sun karrama ni, kuma a ido aikin ya yi kyau. Kumatuna da suka faɗa sun ciko, tuwo da shinkafa ina ci lafiya, nama ma idan ya dahu sosai ina taɓawa. Alhamdu lillahi.

Maganar ce ta ƙi daidaita, ita kuwa ce sana'ata. Abu na farko fito. Duk inda "sa" ta faɗo sai wani siririn fito ya biyo ta. Ko "sannu" na ce ni kaina ina jin sa, balle a karatu, inda sinun da sadun suke ko'ina. A Fatiha kaɗai, tsakanin "siraɗ" da "mustaƙim", sai ya fita ya sake fita, lasifikar masallaci kuma ba ta rufa wa kowa asiri. Na biyu, na sama da na ƙasa suna haɗuwa suna ƙwas-ƙwas alhali magana nake, ba tauna ba, musamman idan na yi sauri. Na uku, ƙafun da "ƙa" ɗinmu ta Hausa: da bayan harshena ya tashi sai ya doki ƙarshen farantin sama, wato robar da haƙoran ke jikinta mai rufe ganɗa, wani lokaci ya tayar mini da zuciya, wani lokaci in ji farantin ya saki yana neman faɗowa. Ra'un ta yi nauyi, ba ta kaɗawa yadda na san ta. Dadun kuwa, wadda na sha wahalar koyonta ina saurayi, gefen harshena yakan je neman turame inda ya saba samunsu, sai ya tarar sun matso ciki.

Wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san abin da nake nufi. An koya mana fa'un tana fita ne daga cikin leɓen ƙasa tare da bakin haƙoran gaba na sama, ta'un da dalun da ɗa'un daga kan harshe da tushen waɗannan haƙoran, dadun daga gefen harshe da turamen sama. Da yawa daga cikin mafitar haruffa da haƙora aka kwatanta mana su. To yaya zan gyara wa yaro harafin da bakina ba ya fitar da shi daidai? Akwai wata yarinya a ajina da na lura ta fara sa fiton nan a sinun ɗinta, tana zaton haka ake karantawa tunda daga bakin malam ta ji. Wannan shi ya fi komai tsaya mini a rai. Na daina shiga gaba a sallolin bayyane, na kuma bar wa wani babban ɗalibina biya wa yara sabon karatu, ni ina gefe ina saurare.

Na koma inda aka yi su. An goge wurin da yake ci mini dasashi, aka ce maganar kuwa sabo ce, in yi ta karatu da ƙarfi, harshe zai gane hanya. Karatu da ƙarfi ai shi ne aikina safe da yamma. Tun kafin azumi nake sanye da su, ga shi har an yi layya an gama. Wasu haruffan sun dawo, amma fiton da ƙarar suna nan inda suke.

Shin harshena ne ya tsufa ya kasa sabawa, ko a ƙirar haƙoran matsalar take? Idan a ƙira take, ana iya gyara waɗannan, ko sai an sake wasu? Kuma in na koma, me zan ce wa likita don ya gane ba kyau nake nema ba, harafi nake nema?

Ɗan Mile 12

Wa alaikumus salam. Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai ban san aikin ba, amma ƙanin mahaifina da muke sayar da albasa tare a nan kasuwa yana da irinsu. Farkon sa su ko ciniki ba ya iya yi da kyau, sai ya faɗi kuɗi a ce ya maimaita. Bai rufe wata guda ba ya ware, yanzu in ba gaya maka aka yi ba, ba za ka gane ba. Akwai wani mai da yake saya a kemis yana ɗiga wa farantin don ya kama. Ko za ka jarraba shi, Baba? Wataƙila naka sabon ne dai bai zo da wuri ba.

Mai haɗa haƙora, Ikeja

Allah gafarta Malam, wa alaikumus salam. Ni ba likita ba ne. Aikina haɗa haƙoran ne bayan likita ya ɗauki awon baki ya aiko mana, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin a duba bakinka ba. Amma yadda ka rarrabe haruffan nan ɗaya bayan ɗaya ya faranta mini rai, domin kowane harafi da ya ƙi fita yana nuna wani wuri ne a jikin farantin. Yawancin mutane abin da suke iya cewa shi ne "maganata ta canza", shi ke nan.

Batun sabo gaskiya ne, amma yana da iyaka. Galibi cikin mako 2 zuwa 4 harshe yakan gyara abin da zai iya gyarawa. Dattawa sukan ɗan fi daɗewa, musamman wanda jinsa ya yi rauni, saboda kunne ne ke gaya wa harshe ya yi kuskure. Mutumin da kullum bakinsa ke kan karatu, ya kwashe watanni, abin da ya rage bai gyaru ba, ni a ganina ba na harshe ba ne. Haƙuri ba ya rage kaurin roba.

Zan fara da ƙarar nan, don ita ta fi damuna. Idan mutum yana zaune shiru, leɓensa a rufe, haƙoransa na sama da na ƙasa ba a haɗe suke ba. Akwai 'yar tazara ta kamar milimita 2 zuwa 4 a tsakaninsu. Idan yana magana, a kan "sa" ne suke fi kusantar juna, tazarar ta koma kamar milimita 1 zuwa 2, amma duk da haka ba sa taɓa juna. Mai haƙoransa na halitta bai taɓa tunanin wannan ba. Mu kuwa da za mu gina tsayin da haƙoran sama da na ƙasa za su haɗu a kai alhali babu haƙori ko ɗaya da zai nuna mana inda yake a dā, dole sai an auna. Idan tsayin ya zarce, tazarar ta cinye, sai haƙoran su riƙa karo a tsakiyar magana. Sauran alamunsa su ne gajiyar muƙamuƙi da yamma, dasashi ya riƙa ciwo ko'ina ba wuri guda ba, leɓe kuma ba ya haɗuwa cikin sauƙi a kan "ba" da "ma" da "ɓa". Zarcewar tana da sauƙin faruwa, domin ƙarin tsayi yana ciko fuska, mai haƙoran ya dubi madubi ya ji daɗi, kowa ya yi murna. Ƙarar tana da wani dalili dabam: farantin ƙasa ya riƙa tashi yana dukan na sama saboda bai zauna ba. Akwai hanyar rarrabe su, zan zo kanta.

Fiton kuwa, ga yadda yake. Wajen furta "sa", gefunan harshe suna manne wa turamen sama ta ciki, tsakiyarsa ya yi ɗan kwari, iska ta bi ta kwarin ta fita ta bayan haƙoran gaba. Idan hanyar ta yi faɗi da yawa, "sa" ta koma kusa da "sha". Idan ta tsuke ta yi zurfi, sai fito. Abin da ya fi jawo tsukewar shi ne a jera haƙoran gefe, musamman waɗanda ke bin fiƙa, sun shigo ciki, su matse harshe dama da hagu. Ka ce dadun ɗinka tana tarar da turame sun matso. Allah gafarta Malam, da bakinka ka riga ka faɗi amsar. Ina kyautata zaton fiton da dadun ɗin ciwo ɗaya ne. Kuma akwai dalilin da ke sa mu masu haɗi mu shigo da su ciki: bayan cire haƙora ƙashin sama yana janyewa ne ta waje, gadonsa ya ƙanƙance, idan muka bi sabon gadon sak don farantin ya zauna daram wajen tauna, sai mu cinye wa harshe fili. Tauna ta samu, magana ta rasa. Gwanin aiki shi ne wanda ya daidaita biyun.

Ra'un da ta yi nauyi, a bayan haƙoran gaba za a nemi dalilinta. Ka taɓa ganɗarka da harshe idan ka cire farantin, za ka ji ɗan tudu da 'yan tamoji a gaba. Nan harshe yake sauka a kan "ta", "da", "ɗa", "na", "la" da "ra". Farantin roba yakan kai kaurin milimita 2 ko ya ɗan fi, in an yi shi sumul kuma harshe ya rasa alamar da ya saba da ita. "Ra" ta "arba'in", wadda kan harshe ke kaɗawa, tana bukatar fili da iska daidai gwargwado, shi ya sa take saurin lalacewa. Ana iya rage kaurin wurin, ana kuma iya ƙera ɗan tudun a jikin robar.

Sai ƙarshen farantin ta baya. Na sama ba shi da ƙugiya, ba abin da ke riƙe shi sai yawu da rufewar gefunansa yadda iska ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba. Ya kamata ya tsaya daidai inda ganɗa mai motsi ta fara, wurin da likita yake gani yana rawa idan ya ce ka ce "aa". Ya wuce nan, ganɗar ta riƙa ture shi tana tayar da zuciya. Bai kai ba, iska ta shiga ya saki. Ya yi kauri, bayan harshe ya riƙa karo da shi a kan "ka" da "ga". "Ƙa" ɗinmu kuwa da ƙarfi take fita, matse iska ake yi a sake ta gaba ɗaya, ƙafun ta Larabci kuma ta fi kafun komawa baya. Duk wani aibi da ke wurin, waɗannan biyun za su tona shi.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna a aikinmu a nan Legas. Gwajin magana da aka koya mana, a kan bakin Turanci aka gina shi. Ana sa mutum ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da Turanci don a ji "sa", ya ce hamsin da biyar da Turanci don a ga inda bakin haƙoran sama ke sauka a leɓen ƙasa. Gwaji ne mai kyau, amma Turanci da Yarbanci ba su da "ƙa", ba su da "tsa", ba su da "ɗa". Ko "fa" ɗinmu ma da leɓe biyu muke yin ta, ta Kanawa ta yi kusa da "pa", Sakkwatawa su ce "hwa", haƙori bai shiga ciki ba. Bahaushe zai iya yini yana hira tsayin haƙoransa na gaba bai dame shi ba, sai ya zo fa'un ta Larabci abin ya bayyana. Likitan da bai san wannan ba ba sakaci ya yi ba, kunnensa ne bai san abin da zai saurara ba. Kai za ka kawo masa haruffanka.

Lokacin yin hakan kuwa shi ne ranar gwaji, kafin a dafa robar, sanda haƙoran 28 ɗin suke zaune a cikin kaki mai laushi irin na kyandir. A ranar, matsar da haƙori aikin 'yan mintoci ne, kamar gyara zaman bulo kafin siminti ya bushe. Bayan an dafa, abin da za a iya yi ya ragu ƙwarai.

Ka taimaka mini da waɗannan. Ka tsaya gaban madubi ka ja "sssa", ka duba ko haƙoran suna taɓa juna. Man nan da ɗan'uwanmu na Mile 12 ya ambata, ka sa shi na yini guda a matsayin gwaji: in ƙarar ta ɓace, rashin zama ne, in tana nan, tsayi ne. Ka gaya mini tsawon lokacin da aka yi tsakanin cire na ƙarshe da ɗaukar awo, da abin da aka sa ka faɗa ranar gwajin kaki. Kuma don Allah kada ka bari kowa ya sa musu zarto ko takardar goge katako a gida. Abin da aka goge ba ya dawowa.

Hajiyar Idi-Araba

Sannunku Malam, Allah ya ba ku lafiya, ya saka muku da alheri a kan yaran da kuke karantarwa. Mahaifiyata a wurina take, ita ma cikakku ne a bakinta, sama da ƙasa, kuma ni ke kai ta asibiti, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Bayanin ɗan'uwanmu mai haɗi ya gamsar, amma akwai abin da bai daɗe a kansa ba, ni kuwa shi na fi gani a gida: bushewar baki. Kun ce kuna da suga. Ita ma Inna tana da shi, ga maganin hawan jini, kuma likita ya gaya mana duka biyun suna iya rage yawu. Ranar da bakinta ya bushe, farantin sama ba ya kamawa, harshenta yana mannewa, maganarta ta koma wata iri, har jikokinta su ce Inna mene ne. Ta kurɓi ruwa, sai ka ji muryar ta dawo. Da azumi abin ya fi tsanani, tun daga azahar. Ku lura ko naku ma yana ƙaruwa idan kun daɗe kuna karatu ba ku sha ruwa ba. Ban ce a daina magani ba, a gaya wa likitan da ke ba ku shi dai.

Na biyu, nata sun zauna lafiya da farko, kafin shekara ta zagayo na ƙasan ya fara yawo, tana magana tana tare shi da harshe. To harshen da ke gadin haƙori yaushe zai samu sukunin magana? A LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan kusa da mu, aka yi masa ciko ta ciki ya koma ya zauna. Suna da sashen haƙori babba, akwai layi, sai an yi sammako.

Shawarata, in za ku koma kada ku je ku kaɗai. Ku tafi da wanda ya san muryarku ta dā. Mutum ba ya jin kansa yadda ake jin sa. Inna takan ce maganarta ta lalace a ranar da mu muke jin ta garau, wata rana kuma ta ce lafiya lau alhali mu muna jin ƙarar. Sannan ku riƙa cire su da dare kuna sa su a ruwan sanyi mai tsabta, ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa su. Mai suga da ke kwana da su, ganɗarsa takan yi ja ta yi zafi, shi ma yana hana magana. Goro kuwa in kuna ci, a gurza muku shi.

Malamin Islamiyya, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Maganar ruwan nan gaskiya ce, idan na daɗe a aji farantin ya fi saki.

Ɗana mai haɗi, na yi abin da ka ce. A madubi, idan na ja "sa", haƙoran gefe suna taɓa juna, ina gani ina kuma ji. Na sa man. Faɗowar farantin a kan ƙafun ta daina, amma tashin zuciyar yana nan, ƙarar ta ɗan ragu ba ta ɓace ba, fiton kuwa ko gezau. Gajiyar muƙamuƙi da ka faɗa ina da ita, kafin isha'i nakan ƙosa in cire su. Na kuma lura gefunan harshena suna da shatin haƙora idan na fito da shi. Tsakanin cirewa da awo bai fi wata biyu ba. Ranar gwajin kaki an ba ni madubi, an tambaye ni launi da girma, an sa na yi murmushi, na ƙirga da Turanci, sannan aka cire. Karatu bai shigo ciki ba.

Wani ya ce mini akwai na ƙarfe da suka fi waɗannan, wani kuma ya ce dasawa ake yi a ƙashi. Me ka gani?

Mai haɗa haƙora, Ikeja

Amin, Allah gafarta Malam. Yanzu abin ya ƙara fitowa. Tunda suna taɓa juna a kan "sa" ko da man ya riƙe su, ga gajiyar muƙamuƙi, alamu sun karkata ga tsayi ya yi yawa. Shatin da ke gefen harshe yana ƙarfafa zaton fili ya yi masa kaɗan. Dainawar faɗowa da mai tana nuna farantin ya fara sakewa, wannan kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda aka auna wata biyu bayan cirewa. Ƙashin da ke riƙe haƙora yana janyewa da sauri a watanni shida na farko zuwa shekara, daga nan ya ci gaba a hankali har ƙarshen rayuwa, na ƙasa kuma yakan yi asara kamar ninki huɗu na na sama. Abin da ya sami Innar Hajiya ke nan.

Wasu gyare-gyaren ana yin su a kan waɗannan da ke bakinka. Ana rage tsawo da kaurin ƙarshen baya. Ana rage kaurin bayan haƙoran gaba. Ana goge cikin haƙoran gefe kaɗan don harshe ya sake. Don fiton, likita mai haƙuri yakan manna ɗan kaki a bayan haƙoran gaba, ka yi magana, ya ƙara ko ya rage har sautin ya daidaita, sannan mu mayar da kakin roba. Akwai ma wata dabara: a barbaɗa farin gari a fuskar farantin da ke kallon harshe, ka furta harafi guda, a cire a ga inda harshen ya share garin. Da ita ake ganin inda yake taɓawa da inda ba ya kaiwa. Tsayi kuwa, in zarcewar kaɗan ce ana gyara ta da guga, in tana da yawa sai an sake jera haƙoran ko an yi sababbi, likita ne zai auna ya faɗa. Abu guda ka riƙe: kada a yi ciko kafin a duba tsayin, domin ciko yana iya ƙara shi, sai faranti ya zauna ƙara ta ƙaru.

Na ƙarfe da ka ji, ganɗar farantin ce ake yi da haɗin kobal da kuromiyam, kaurinta kamar rabin milimita, don haka harshe ya fi samun fili, ana kuma jin ɗumin abinci. Amma ya fi tsada, kuma ya fi wuyar yi wa ciko, ga bakin da ƙashinsa ke kan janyewa ni ba zan yi gaggawarsa ba. Ba ya kuma gyara tsayi ko matsin haƙoran gefe. Dasawa kuwa, ƙananan ƙarafa ne na titaniyam da ake kafawa a ƙashi farantin ya maƙale a kansu. A 2002 masana aikin sun taru a Jami'ar McGill ta Kanada suka yi matsaya cewa ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, faranti mai zama a kan dashe biyu shi ya kamata ya zama zaɓin farko. Yana hana yawo ƙwarai. Sai dai yana son kuɗi masu yawa, yana son isasshen ƙashi, mai suga kuma sai sugansa ya daidaita kafin a yi masa.

Ka fara komawa inda aka yi su, su ke da awonka. In kana son wani idon, LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ta fi kusa da kai daga Agege, ga kuma LUTH da Hajiya ta ambata. Ka ce sashen da ke sa haƙoran roba kake nema. Ka rubuta kalmominka a takarda, irin su sassafe, tsintsiya, ƙaiƙayi, gwangwani, ɗaɗɗaya, arba'in, tare da ayoyin da suka fi ba ka wahala. In akwai tsohon karatunka da aka naɗa a waya lokacin da haƙoranka suke, a kunna wa likita, sannan ya ji na yanzu. Ba sai ya san Larabci ba zai ji bambancin. Tsohon hoto da haƙoranka suka fito a ciki ma yana taimaka mana wajen gane inda suke a dā. Babban ɗalibin nan naka ya raka ka, kunnensa ya fi namu a wannan fanni. In kuwa ta kama a sake sababbi, ka nemi a ba ka lokaci ranar kaki ka yi karatu da cikakkiyar muryarka, kada ka amince a dafa sai kai da ɗalibin kun gamsu.

Ɗan Mile 12

Yaya mai haɗi, to shi Baffana da kullum sai ya sa man nan, har yanzu ma ya fi sa shi da yawa fiye da dā, akwai illa?

Mai haɗa haƙora, Ikeja

Ɗigo uku ko huɗu ƙanana a busasshen faranti ba laifi ba ne, muddin yana wanke shi tas da dare, daga farantin har dasashin. Amma in kullum sai ƙara yawansa yake, farantin ne ya sake, ciko yake bukata ko sauyi, man yana ɓoye matsalar ne kawai ƙashi na ci gaba da janyewa a ƙarƙashi. Wasu irin man suna ɗauke da sinadarin zinki, wanda yawan haɗiye shi shekara da shekaru yake iya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Ka duba jikin kwalin, ka kuma kai shi a duba masa bakin ranar da kasuwa ta yi sauƙi.